Kayan Mai Aljihu

Kwaɗon ƙofar sabo ne fil, ko man da aka shafa masa a masana'anta bai bushe ba. Yayar Mai Tsince-tsince ta dire shi a tsakiyar teburin aikinsa, tsakanin tulin katantanwa da gwangwanin murafen kwalba, ya zauna a wurin yana ƙyalli kamar baƙon da ya san ba a murna da zuwansa.

"Ranar hutuna kafinta zai zo," in ji ta. "A ƙofar ɗakin Mama za a sa shi."

"Haba Yaya. Uwarmu ce fa, ba akuya ba."

"Akuya ta san hanyar gida."

Ya ɗauki wata katantanwa ya shiga goge ta da gefen riga, alhali a goge take. Jiya da yamma mai facin taya na bakin babban titi ne ya rako tsohuwar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan oho. Ya ce da hannunsa ya fizgo ta daga gaban wata babbar mota. Ba wannan ce fitarta ta farko ba. Tun da ƙwaƙwalwarta ta fara zubewa, da zarar rana ta karkata sai ta yafa mayafi ta nufi ƙofa. In an tare ta, ta yi kuka. In an yi sakaci na ƙiftawar ido, ta ɓace.

Yayar ma'aikaciyar jinya ce, ta saba yanke magana kamar yadda take yanke bandeji. Shi kuwa, yana da shekara hamsin da 'yan kai, da sanƙo, da tumbin da ya fito masa ba tare da wani arziki ya rako shi ba, sana'arsa manna shara a jikin katako. A allon ƙofar shagonsa an rubuta "kayan ado na fasaha", amma duk layin Mai Tsince-tsince suke kiransa. Yakan haɗa fure da murafen kwalba, tsuntsu da kwasfar itace, kogi da fasassun gilasai. Masu otal da masu aski da wani likitan haƙori suna saye su rataye, mutane su zauna a ƙarƙashi suna danna waya. Abu ɗaya yake alfahari da shi a duniya: gam ɗinsa. Shi yake haɗa shi da kansa, kuma abin da ya manna ya mannu ke nan, sai dai bangon ya faɗi da shi.

"Ki lura da wani abu, Yaya," in ji shi. "Kullum hanya ɗaya take bi. Hanyar tsohon gidanmu. Gida take nema."

"Gidan da aka rushe?"

"Zan kawo mata shi."

Ta dube shi daga sanƙo har silifa. "A aljihu?"

"A bango."

Ta rataya jakarta. "Kana da zuwa ranar hutuna, malam mai fasaha. Kwaɗon kuma a nan zai zauna, ya riƙa tuna maka."

Washegari ya ɗauki buhu ya tafi. Gidan da aka haife su, da na maƙwabta hagu da dama, duk an saye an baje, za a yi wurin ajiye motoci. Bai taɓa zuwa ba tun da aka rushe, yana cewa aiki ya yi masa yawa. Ya tsaya a bakin filin ya kasa gane inda ɗakin Mama yake, sai da ya hango kututturen bishiyar tsakar gida, ya auna da ido daga nan. Ashe gidan ƙarami ne. Duk yarintarsa, da gudu da ɓuya da dukan da ya sha, ba ta wuce wurin motoci kaɗan ba.

Ya durƙusa ya fara tona da hannu. Wani mai gadi ya taso daga inuwa yana jan sanda.

"Malam, me aka yar?"

"Gidanmu."

Mai gadin ya duba buhun, ya duba mutumin. "In ƙarfe kake nema, 'yan jari-bola masu tura kura sun riga ka."

"Ba ƙarfe ba. Irin wannan." Ya ɗaga wani guntun tayil shuɗi, bai kai tafin hannu ba.

"Allah ya ba da lafiya," in ji mai gadin cikin tausayi, ya koma inuwarsa.

Ya samu fiye da yadda ya zata. Shuɗin tayil na ƙasan kicin. Ɓarɓashin filasta mai fenti ruwan ƙwai, wanda babansu ya shafa da kansa, ya bar shatin buroshi. Tsagin katakon taga kore. Yankin kwanon rufi da ya yi tsatsa. Ɓawon kututturen, da busassun kwasfa da iska ta tara a gindinsa. A ƙarshe, can ƙarƙashin wani bulo, sakatar ƙofar waje, wadda masu kura ba su gani ba. Ya juya ta a hannu. Har yanzu tana da 'yar lanƙwasar nan da ke sa sai an ɗaga ƙofa kafin ta shige.

Aikin ya ci shi kwana da kwanaki. Ya wanke komai, ya shanya. Kwasfar ya tafasa ta don ya kashe ƙwarin da ke ciki, gudun kada gidan ya rushe karo na biyu.

"Tukunyata ce kake dafa itace a ciki?" in ji matarsa daga ƙofar kicin.

"Na Mama ne."

Ta juya ta koma kicin. Ita ce mai yi wa tsohuwar wanka, ita ce mai bin ta da cokali, ita ce kuma ba ta ce komai ba ranar da aka kawo kwaɗon. Shirun nan ya fi maganar Yaya yi masa nauyi.

Ya jawo teburin zuwa baranda don ya riƙa aiki idonsa na kan ƙofa. Mama takan zauna a kujerarta tana kallonsa. Ta daɗe da daina gane shi. A wurinta shi wani mai gyara ne da mutanen gidan suka ɗauko, wanda ya ƙi gama aiki ya tafi. Da ya yi tunani sai ya ga ba ta yi nisa da gaskiya ba.

"Malam, har yanzu ba a gama ba?"

"Saura kaɗan, Mama."

"Haka kuke cewa."

Ya gina bangon da filastar, ya rufa kwanon, ya shimfiɗa tayil ɗin a inda kicin yake. Ya tsayar da bishiyar da ɓawonta na ainihi, ya rataya mata kwasfarta. Sakatar ta fi ƙofar da ya zana girma nesa ba kusa ba. Duk wanda ya san aiki zai ce a cire ta. Ya bar ta. Ya ja baya ya duba. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kuma ya san babu mai otal ɗin da zai saya.

Ya rataye allon a ɗakinta, daidai tsayin idonta, lokacin da rana ta fara karkata. Ya kamo hannunta ya tsayar da ita a gaba. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa.

"Mama, dubi. Kin gane nan?"

Tsohuwar ta matsa kusa. Ta ƙanƙance ido. Ta daɗe tana dubawa, har zuciyarsa ta fara gaya masa maganganun da zai yi wa Yaya.

"Wa ya zuba shara a bango?" in ji ta.

"Gida ne, Mama. Ga bishiyar, ga kicin ɗinki."

Ba ta saurare shi ba. Ta sa farce a ƙarƙashin wata kwasfa ta fara ɓanɓara. Kwasfar ta ƙi. Ta koma kan tayil, ya ƙi. Ta dawo kan kwasfar, tana ƙunƙuni, tana cije leɓe. Ya ce ta bari, ta ture hannunsa da wani ƙarfi da bai san tana da sauransa ba. Haka ta yi ta fama, gam ɗinsa kuwa bai ba shi kunya ba, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Farcenta ne ya tsage, jini ya ɗiga a kan fentin babansu.

Yaya ta zo ta naɗe yatsar ba tare da ta dube shi ba.

"Motar titi ba ta fitar mata da jini ba," in ji ta. "Sai fasaharka."

Matarsa ce ta yi magana, a hankali, tana ninke tawul. "Amma fa Yaya, yau ba ta nufi ƙofa ba. Har aka kunna fitila tana gaban abin nan."

Su ukun suka waiwaya. Mayafin tsohuwar yana nan rataye a ƙusarsa.

Yaya ta yanke bandejin. "Na ƙara muku zuwa hutuna na gaba. In ta sake jin ciwo, da kai da allon zan kulle."

Ya sauko da allon, ya ɗauki kurfi da guduma, ya ɓalle aikinsa da hannunsa, guntu bayan guntu. Ya sha wuya, domin ya iya manni. Ya goge kaifin kowane tayil da dutse har ya yi santsi, ya cire kwanon mai tsatsa ya maye gurbinsa da kwali. Sannan ya shiga kicin ya dama fulawa da ruwa, irin abin da 'yan makaranta ke liƙa takarda da shi. Mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana neman gam ɗin da ba ya saki, ga shi yana gwada wanda zai saki da wuri. Na farko ya yi ruwa, bishiyar ta zame ƙasa tun kafin a rataya. Na biyu ya yi ƙarfi. Sai da ya lalata fulawar gidan kafin ya gano daidai: ya riƙe daga safe zuwa yamma, ya sallama wa yatsar tsohuwa ba gardama.

Abin ya yi aiki. Da rana ta karkata sai Mama ta tashi, ta ɗan yi jim a tsakiyar ɗaki kamar mai tuna wani abu, idonta ya faɗa kan allon. "Wa ya zuba shara a bango?" Ta jawo faranti ta fara. Ba zubarwa take yi ba. Warewa take: kwasfa gefe guda, tayil gefe guda, ɓawo gefe guda, kowanne ta hure shi ta goge da bakin zani. Sakatar ce ta ƙarshe kullum. Takan daɗe tana juya ta kafin ta ajiye.

Shi kuma kowace safiya sai ya ɗauki farantin ya sake gina gidan. Tun yana auna komai da ido har ya koma yi kamar mai jera kwanuka. Wata rana ya manna bishiyar a cikin kicin, babu wanda ya lura. Likitan haƙori ya aiko yana tambayar tsuntsayen da ya ce a yi masa, ya ce a gaya masa yana kan wani babban aiki, na wata mai saye da ba ta taɓa barin kayansa su kwana a bango ba.

Yana daga baranda yakan ji tana magana ita kaɗai yayin da take warewa. Bai kasa kunne ba. Ya ɗauka irin surutan nan ne da ba su da kai. Har ya fara tunanin yadda zai mayar wa Yaya kwaɗonta, ko a cikin leda, ko ya manna shi a wani allo ya ba ta kyauta.

Ranar hutun Yaya, ko fulawar ce ta yi ruwa, ko hannun tsohuwar ne ya saba, ta gama da wuri. Rana ba ta ko sauka daga kan katanga ba. Ya ɗago kai ya gan ta a tsakar gida, mayafi a ka, sakatar a hannu, tana nufar ƙofar waje da saurin nan nata na mai abin yi. Ya tashi har yana ture gwangwani, ya sha gabanta.

"Mama, ina zuwa?"

"Matsa, malam."

"Gidan fa an kawo miki shi. Yana ɗakinki. Gobe ma zan sake haɗa shi."

"Wane gida?" Ta dube shi kamar ya yi maganar banza. "Ina ruwana da gida? Yaron nake nema."

"Wane yaro?"

"Mai Aljihu mana. Ɗana. Ga kayansa can na ware masa, shi ba ya nan. Tun safe ya fita tsince-tsincensa, ko karyawa bai yi ba. Can bakin titi yake zuwa, wajen murafen kwalba. Motocin nan ba sa ganin yaro."

Rabon da ya ji sunan nan tun kafin gashinsa ya fara zubewa. Ita kaɗai take kiransa haka. Kowace yamma takan tsayar da shi a bakin ƙofa ta zazzage aljihunan wandonsa a faranti, tana faɗa, tana cewa gobe duk bola za ta kai su. Da safe sai ya tarar da su a ware, a goge, a gefen tabarmarsa.

Ashe hanyar tsohon gida da hanyar babban titi ɗaya ce, shi ne ya zaɓi wadda ya iya mannawa. Ashe kuma kullum da safe shi yake jera mata shaidar cewa yaron ya zo ya ajiye kaya ya sake fita.

"Mama," in ji shi. Muryar ta fito siririya. "Ni ne. Ni ne Mai Aljihu."

Ta dubi sanƙon. Ta dubi tumbin. Ta yi 'yar dariyar da ake yi wa baƙo in ya yi raha marar daɗi.

"Allah ya shirye ka, malam."

Bai san lokacin da ya cusa hannu a aljihu ba. Ya zazzago abin da ke ciki a tafinsa ya miƙa mata: murafen kwalba, wani maɓalli ja, gashin tsuntsu da ya tsinta a hanyar sayen burodi, tsakuwa mai zanen fari.

Ta sunkuya ta duba da kyau. Ta ɗauki maɓallin, ta hure shi, ta mayar.

"Kai ma?" in ji ta. "Da girmanka? Uwarka ba ta hana ka ba?"

"Ta yi ƙoƙari."

"Ba ta iya ba ne. Matsa in wuce."

Ta raɓa ta gefensa. Ya riƙe ta. Ta fara kokawa, tana kiran mutane su zo su ga ƙato ya tare ta, ɗanta yana titi. Bai taɓa sanin cewa ƙashin hannunta ya koma kamar busasshen kara ba. In ya matsa zai karya, in ya sassauta za ta tafi. A haka aka turo ƙofa, Yaya ta shigo, kafinta na biye da ita da akwatin kayan aiki. Ta dube su. Ba ta ce ai na faɗa ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ita da matarsa suka lallaɓa tsohuwar zuwa ɗaki, suna ce mata an aika a nemo yaron. Kafintan, mutum mai kunya, ya yi kamar bai ga komai ba, ya durƙusa yana auna ƙofa. Mama ta zauna a bakin gado tana haki, tana kallonsa.

"Kulle za a sa?" ta tambaya.

Kafintan ya ci gaba da awonsa.

"Gara haka," in ji ta. "Na daɗe ina faɗa wa babansu. Ungo wannan, ta fi ƙarfi." Ta miƙa wa kafintan tsohuwar sakatar. "Sai an ɗaga ƙofar take shiga. Amma kada a rufe sai ya dawo."

Kafintan ya karɓa da hannu biyu, ya dubi Yaya. Yaya ta juya tana neman wani abu a jakarta, ta daɗe ba ta same shi ba.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Da ya gama ya gwada kwaɗon, ya buɗe, ya rufe, ya miƙo makullin. Yaya ba ta karɓa ba, matarsa ta shige kicin. Ya duba hagu da dama, ya ga babu sauran hannu a wurin sai nasa.

An kai mata ruwa da farantinta. Ya ja ƙofar a hankali, ya danna kwaɗon. A ƙasa, inda kafintan ya fere katako, wani siririn ɓawo ya nannaɗe kamar katantanwa, fari tas, ko tsaga babu. Kafin ya yi tunani ya riga ya sunkuya, abin ya riga ya shige aljihu.

Aka ƙwanƙwasa daga ciki, sau biyu, cikin ladabi.

"Malam? Kana nan?"

"Ina nan, Mama."

"In za ka tafi gida, ka bi ta bakin titi. In ka gan shi, ka ce ya dawo. Ka ce ba zan zubar masa da komai ba."

Ya tsaya da makullin a hannu, goshinsa a jikin ƙofar.

"To, Mama," in ji shi. "In na gan shi."